Tuwon Kubu

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Daga bakin ƙofa nake hango haƙarƙarin Kubu yanzu, ba sai na matsa kusa ba. Karen da mijina Rra Ona ya sa wa sunan dorina saboda ƙibarsa yana kwikwiyo, shi ne yau iska ke turawa gefe in ta kaɗo. Ƙashin ƙugunsa ya fito, gashinsa ya dushe. Amma da na buɗe shinge shi ne farkon fita, yana gaban awaki kamar ba abin da ke damunsa. Zai yini yana zagaye su a daji, ya dawo da su da yamma, ya zube a gindin kwamin ruwa yana haki.

Ban san abin da ke cin karen nan ba. Tun ranar da motar asibiti ta zo ta tafi da Rra Ona ni nake ba shi abinci, kuma yadda mai shi ya tsara haka nake yi. Tuwon dawa, a kai masa cikin shinge, a ajiye. Ba a kiransa gida, ba a shafa shi, ba a ba shi nama ko ƙashi. Idonsa bai gama buɗewa ba aka sa shi a nonon Nkoko, tsohuwar akuyarmu, kuma har yau bai san shi kare ba ne. Maza sun ce in karen awaki ya ɗanɗana nama, wata rana zai waiga ya ga 'yan awaki ma nama ne. Haka kowa ke yi a nan moraka, wato rugar da dabbobinmu suke, haka na iske.

Kwanon kuwa kullum tas nake ɗauko shi da safe.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Dila ya ɗauke ɗan akuya, farin nan mai baƙin kunne. Na bi sawun. Na ga inda Kubu ya bi shi a guje, na ga inda ya tsaya ya kwanta. Da can dila bai isa ya shinshina bayan garken nan ba.

Na ƙara yawan tuwon.

Alhamis, 7 ga Agusta, da sassafe

Kwano tas.

Asabar, 9 ga Agusta, da rana tsaka

Gobusamang ya zo, ƙanin Rra Ona, wanda duk muke ce wa Rangwane, wato baffa, yadda yara ke kiransa. Ya ajiye a-kori-kurarsa a inuwata, ya zauna a kujerar yayansa ba tare da an nuna masa ba. Daidai lokacin awaki suka zo shan ruwa, Kubu na biye da su.

"Mma Ona, wancan kare ne ko tsani aka jingina?"

"Sha shayinka, Rangwane."

"Ba wasa nake ba. Karen nan ciwo ne da shi. 'Yan awaki nawa suka tafi?"

Na ce ɗaya. Ya ci gaba da kallona, na ce to, biyu, da na jiya.

Sai ya sauke abin da ya kawo shi. Wai dangi sun zauna a garinsu Kang sun yi magana. Ni ban san sun zauna ba, ba wanda ya aiko mini. Ƙarshen watan gobe, kafin hutun Boipuso na samun 'yancin ƙasa, zai zo da mota da bindiga. Kare harsashi ɗaya, a huta ya huta. Awaki su koma shingensa a Kang, wai kafin a ga abin da hali zai yi. Ni kuma in tattara in tafi Gaborone wurin 'yarmu Ona, in zauna kusa da asibiti yadda matan kirki ke yi.

"Matan kirki," na ce. "To, na ji."

Na san shingen Rangwane. Akuyar da ta shiga ba ta fitowa sai a tukunya. Tun muna da ƙuruciya Rra Ona ke tara awakin nan, in suka bar nan ba shi da wurin dawowa, sai dai kujera a barandar wani.

Na ce masa haihuwar awaki na tafe, kuma kare zai tashi kafin nan. Ya ce in ya zo ya tarar da kare na gaske a bakin shinge, zai koma da motarsa wayam. Da dariya ya faɗa. Na ce ya maimaita, ya maimaita, na ce na riƙe.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Waya ba ta kamawa sai a saman tsanin tankin ruwa. Mace mai jika tana hawan tsani, iskar Agusta na neman tona mata asiri. Na dai hau.

"Mme, yaushe za ki zo?" Kullum da wannan Ona ke farawa.

"Mahaifinki yana ci?" na ce.

"In an ba shi a baki."

"Ya ce wani abu?"

Ta ce, "Ki zo dai, Mme."

Na ce wa zan bar wa awaki, karen da ko dila ba ya iya kamowa? Ta ce kullum awaki. Na ce iska ta yi yawa ba na ji, na sauko.

Ina ji sarai.

Talata, 12 ga Agusta, da sassafe

Na kira Pelonomi ta taya ni auna Kubu. Maƙwabciyata ce, shingenta na bayan rijiyar burtsatse, mijinta ya rasu ya bar mata shanu da bakin da ba ya rufuwa. Muka rataye sikelin awaki a reshen bishiya, muka nemi buhu. Kare bai saba da hannu ba, sai da muka zagaye shingen muna haki kafin ya shiga buhun. Pelonomi ta faɗi zaune cikin kashin awaki, ta zage ni, ta zagi kare, ta zagi Rra Ona, sannan ta kama bakinta ta dube ni. Na yi kamar ban ji ba.

Kilo goma sha biyar. Bara Rra Ona ya auna shi ya ce ashirin da biyu.

"Mma Ona, an yi wa karen nan aiki," in ji ta.

"Wa zai ɓata maganinsa a kan kare?"

"Wanda ke son awaki."

Na ce ta bar zancen. Rangwane mai haɗama ne, amma rowarsa ba za ta bari ya biya boka ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Malamar dabbobi ta zo rigakafin shanu a bakin rijiya. Na tsaya har ta gama, na gaya mata. Ta ba ni maganin tsutsar ciki, ta ce in danna masa a cikin loma. Ta ce kare mai yini yana yawo ba zai riƙe jiki da tuwo zalla ba, a sa masa kitse, ƙwai, kifin gwangwani, abin da aka samu, kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Na ce karen awaki ne, ba a ba su. Ta ce ta sani, kowa haka yake ce mata, ta shiga motarta.

Maganin dai na ba shi da hannuna, na ga ya haɗiye.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Kwano tas, kare kamar jiya.

Pelonomi ta biyo ta nan. Ta jingina da shinge ta ce, "Ke, me kike ba tsohuwar nan? Kowace akuya ta bushe a ranin nan, Nkoko kuwa sai sheƙi take kamar amarya." Na yi dariya. Rabon da in yi dariya na manta.

Lahadi, 17 ga Agusta, da almuru

Na hau tanki. Ba zan rubuta abin da Ona ta ce likita ya ce game da hannun mahaifinta da ya shanye ba.

Da na sauko na ɗauki tuwon Kubu na kai, na ajiye, na juyo. Amma ban koma gida ba. Akwai wani kututture a bakin shinge inda Rra Ona ke zama kowace yamma da sandarsa da taba, ni ina can ina fama da itace da tukunya ina yi masa tsiya, wai sarkin hutu ya tafi fada. A nan na zauna, na rufe fuska da ɗankwali na ɗan lokaci.

Da na buɗe ido ga abin da na gani. Kubu ya sa baki a kwano, loma ɗaya, loma biyu. Sai ga Nkoko ta taho ba gaggawa, ta sunkuyar da kai, ko tunkuyinsa ba ta yi ba. Kare ya ja da baya, ya zauna, yana kaɗa mata wutsiya. Ta sa baki. 'Ya'yanta manya suka zo suka sa baki. Bunsuru ya zo ya lashe gefe. Kafin ka ce me kwano ya yi tas, sannan Kubu ya matso ya lashi ƙarfe.

Ashe duk tuwon da nake tuƙawa ina ƙarawa, tsohuwar akuya nake yi wa kiwo. Uwarsa ce. Ba zai yi mata gurnani ba ko zai mutu, kuma mutuwar yake yi a hankali, yana kaɗa wutsiya.

Na dubi inda nake zaune. Daga kututturen nan, in ka miƙa sanda, daidai kwano take kaiwa. Ba hutu mutumin nan ke zuwa yi ba. Tsare wa karensa abinci yake har ya gama, kowace yamma, kuma bai taɓa buɗe baki ya gaya mini ba. Ya ce a kai, a ajiye, kada a shafa. Bai ce a tsaya ba, don bai taɓa zaton wani zai kai ba sai shi.

Haushi ya kama ni har na rasa da wa zan yi. Na zagi Nkoko, ta dube ni tana tuƙa. Na koma na hura wuta na sake wani tuwon, na dawo da sandar Rra Ona na zauna. Nkoko ta matso, na buga mata a hanci. Kubu ya ci yana waiwayenta, kamar mai neman afuwa, amma ya cinye duka.

Yau na san abin da zan yi. Tun ranar da motar ta zo ban san haka ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da rana tsaka

Na ce bari in rage wa kaina wahala, na jawo Kubu bayan ɗakin girki da igiya. Ya ƙi ko kallon kwanon, sai kuka yake yana jan igiya wajen awaki. Na sake shi.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Na ɗaure Nkoko a turke. Ta yi ta ihu kamar ana yanka ta, shi kuma ya bar abinci ya je ya kwanta a gefenta. Uwa da ɗa sun haɗa mini kai. Na kwance ta na koma kututture da sanda.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Jiya na kasa barci da maganar malamar dabbobi. Akuya na cin tuwon kare ne saboda tuwon akuya muke ba shi, dawa da ruwa. Ba abin da ke ciki da akuya za ta ƙi.

Akwai gwangwanin kifi da Ona ta bari tun Ista. Na buɗe, na dagargaza rabi a cikin tuwo, na zuba madila, kindirmon namu mai kauri. Ina ta waige-waige, wallahi, kamar mai aikata sata. Na ajiye sanda a cinya ban ɗaga ba.

Nkoko ta taho da takunta na isa. Ta sa hanci, ta tsaya, ta yi atishawa, ta ɗaga leɓe sama ta juya ta tafi. Bunsuru ya zo ya shinshina, shi ma ya kama gabansa. Kubu ya dube su, ya dube ni, ya sa baki bai ɗago ba sai da ya tura kwanon har jikin shinge.

Ni kaɗai na yi guɗa a dajin nan, kaji suka watse.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Murna ta sa na yi hauka. Na cika kwano da kitse da kifi har sau biyu, yau kare na ta zawo, ya bi awaki yana tsayawa a hanya. Malamar dabbobi ta ce kaɗan-kaɗan, ni na ji da yawa-da yawa. Gobe tuwo da madila kawai, sai cikin ya lafa.

Litinin, 25 ga Agusta, da almuru

Ciki ya lafa. Yanzu ga yadda muke. Da sassafe kafin in buɗe shinge, tuwo da madila da dafaffen ƙwai. Da rana in ɗauki ɗan kwano in bi su daji, in same su a inuwa in ba shi. Da yamma tuwo da romo, da tumbin saniya ko kitse in an samu. Komai dafaffe, kuma ba na akuya ba, wannan kam na riƙe. Ban shafa shi ba, ban kira shi gida ba. In ajiye, in zauna, in ya gama in tashi.

Tafiyar ranar nan na cin ƙafata. Ban taɓa sanin nisan da karen nan ke yi ba sai da na bi shi. Awaki su yi gaba, shi ya yi gaba ya yi baya ya yi gefe, ya hau tudu ya duba, ya dawo ya koro wadda ta tsaya. Duk inda suka taka sau ɗaya, shi ya taka sau uku, a kan loma biyu.

Ban hau tanki ba jiya.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

An yanka saniya a wani moraka, Pelonomi ta kawo mini tumbi da ƙasusuwa a bokiti.

"Ga na angonki," in ji ta. "Ni da na yi jinyar miji ban dafa masa sau uku a rana ba."

"Shi ya sa ya gudu ya bar ki."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta rage murya ta ce in Rangwane ya ji ina ba kare nama, zai ce na ɓata shi. Na ce wa zai gaya masa? Ta ce ita dai ba za ta faɗa ba. Na san kafin Lahadi duk Kang sun ji.

Asabar, 30 ga Agusta, da sassafe

Kilo goma sha bakwai. Wannan karon da ya shure buhun sai da Pelonomi ta saki.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma

Na hau tanki. Na ce wa Ona ta sa wa mahaifinta wayar a kunne. Na gaya masa na kama Nkoko da satar tuwo, na gaya masa na san abin da yake yi a kututture, na ce tsohon banza, sai ka faɗa mana. Numfashinsa kawai nake ji.

Ona ta karɓa ta ce idonsa ya motsa. Ta ce, "Mme, tsoro kike ji, ko?" Na ce iska.

Alhamis, 4 ga Satumba, da rana tsaka

Gashin Kubu ya fara kwanciya. Haƙarƙari sai ya juya wa rana ake gani.

Talata, 9 ga Satumba, da yamma

Haihuwa ta fara. Biyu a shinge da safe, ɗaya a daji. Na tsaya ina kallon Kubu, don yanzu ya san ɗanɗanon nama. Ya je ya shinshina jaririn, ya lashe masa kunne, uwar ta tunkuye shi, ya ja gefe ya kwanta yana kallon daji. Na daɗe a tsaye kafin in yarda in tafi.

Asabar, 13 ga Satumba, da hantsi

Kilo goma sha tara.

Saƙo daga Rangwane ta bakin mai motar ruwa. Wai ya ji labari, karen da aka ba nama ya gama zama karen awaki, ko ya yi ƙiba ko bai yi ba maganarsa na nan. Na ce a gaya masa ba haka muka yi ba. Kare na gaske ya ce, kuma ya maimaita.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Yau na ji haushin Kubu daga gida, irin na da, mai fitowa daga ƙirji. Na saki tulu na ruga. Kafin in isa ya dawo wurin awaki yana haki, ƙura na kwanciya can wajen tudu. Na ƙirga 'yan awaki sau biyu, duk suna nan.

Na ƙara masa ƙwai.

Lahadi, 21 ga Satumba, da yamma

Ona ta ce mahaifinta ya riƙe cokali da hagu. Magana dai har yanzu.

Na fara koya wa Pelonomi zaman kututture. Ta ce don me, ina za ni? Na ce ba ko'ina.

Juma'a, 26 ga Satumba, da almuru

Rangwane ya zo. Mota da keji a baya, bindiga a kan kujera cikin bargo. Na ba shi shayi, muka zauna jiran garke.

Garke ya dawo shi kaɗai. Yau, cikin duk ranakun Allah, ba Kubu a gaba, ba Kubu a baya. Na ƙirga, akuya ɗaya babu, jar nan mai tsohon ciki.

Rangwane bai yi dariya ba, gara ma da ya yi. A hankali ya ce, "Na gaya miki, Mma Ona. Ta haihu a daji, ya ji ƙamshin jini. Yana can kan su. Ba laifinki ba ne, aikin maza aka bar miki."

Na ɗauki fitila, ya ce ba inda za mu a duhu, sawu ba ya ganuwa. Gaskiyarsa ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na dafa tuwon da romo kamar kullum, na rufe. Na kai masa bargo ɗakin baƙi.

Ina jin tsoro. Na rubuta.

Asabar, 27 ga Satumba, da hantsi

A tsaye nake rubuta wannan, ruwan wanka na kan wuta.

Gari na fara haske muka fita, shi da bindiga, ni da kwanon jiya a ɗaure cikin ɗankwali. Ya dubi kwanon. Rangwane ya iya sawu, wannan ba zan hana shi ba. Ya nuna mini inda jar akuya ta ware, da sawun kare a gefenta. Can gaba ya tsuguna ya nuna wasu, ƙanana, na diloli, biyu ko uku, suna biye.

Mun haye tudu na biyu muka ji gurnani. A gindin wata ƙaya, akuya na tsaye, tagwaye na tsotso suna kaɗa jela, sun bushe tas. Kubu na gabansu, gashin wuyansa a tsaye, kunnen hagu a yage, jini ya bushe a kafaɗa. Ƙasar wurin duk a tumurmushe, sawun diloli ya zagaye ƙayar ya sake zagayewa, ba ko ɗaya da ya kai gindinta.

Rangwane ya taka ƙafa ɗaya gaba. Kare ya sauke kai ya nuna masa haƙora, Rangwane ya mayar da ƙafarsa inda ya ɗauko ta.

"Kira shi mana."

"Ba ya amsa kira, Rangwane. Karen awaki ne."

Na kwance ɗankwali na ajiye kwano. Bai taɓa ba sai da na ɗauki tagwayen a hannu, akuya ta biyo ni. Sannan ya cinye a tsaye ya wuce gabanmu, yana ɗingishi kaɗan, ya kai mu gida.

A gida na wanke kunnen da ruwan gishiri, Pelonomi ta riƙe kai tana yi wa kare kirari. Na ce tunda ga namiji, ya ɗaga mana buhu a sikeli. Ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta fito, ya karanta da bakinsa. Ashirin da ɗaya da rabi.

"Rangwane, ka ga tsanin da aka jingina?" in ji Pelonomi. Ban san ta ji wannan ba, amma me Pelonomi ba ta ji.

Ya goge hannu a wando, ya je ya nannaɗe bindiga ya tura ƙarƙashin kujera. Ya dawo ya tsaya yana kallon shinge.

"Kifin gwangwani kika ce?"

"Da madila. Kaɗan-kaɗan."

"Nawa karen ma ya rame," ya ce, ba ni yake kallo ba. Sannan, "To. Mota za ta koma wayam."

Na ce ba wayam ba. Ban san zan faɗa ba sai da na ji shi a bakina. Na ce Gaborone zai kai ni, yau. Ya buɗe baki, na ce man da zai ƙona kan awakina ya ƙona shi kan matar yayansa. Pelonomi ta riga ta ɗauki sanda ta zauna a kututture tana gyara zani.

Asabar, da rana tsaka, a mota

Mun wuce garken a bakin hanya. Na leƙa ta taga na daɗe ina kallo. Kubu ko ɗaga kai bai yi ba, yana can yana koro wata da ta tsaya cin ƙaya.

Lahadi, 28 ga Satumba, da yamma, gidan Ona

Na tsaya a ƙofar ɗakin sai da Ona ta tura ni. Rra Ona ya rame. Ɓarin fuskarsa na dama ya sauka, hannun na kwance a kan bargo inda aka ajiye shi. Na faɗa yanzu, na gani da idona, ban mutu ba.

Ya gane ni. Na zauna na kama na hagun, na shiga ba shi labari tun daga jar akuya har kunnen da ya yage, har Rangwane da ya mayar da ƙafa. Idonsa na kaina. Na ce awakinka na nan duka, da tagwaye a kai, ba wanda zai taɓa su. Na ce Kubu kilo ashirin da biyu, na ƙara rabin nan don ya yi daɗin faɗa.

Bakinsa ya yi ta motsi. Ona ta matso da ruwa, na ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya ja numfashi, ya yi ta kokawa da harshen, har gumi ya fito masa a goshi.

"Ƙarya," ya ce.

Ona ta saki kofin. Ni kuwa na ce to tsoho, tashi ka je ka auna da kanka.